Sabon malami da zangon kaka

Salamu alaikum jama'a. Yanzun nan na gama cike katin sakamakon yarana na ƙarshe, yatsuna har zogi suke, na ce kafin in kwanta bari in amayar da abin da ke cina tun watan Satumba.

Wannan ne zangona na farko a matsayin malamar firamare. Shekara uku na yi ina NCE, wato karatun koyon aikin malanta a kwalejin ilimi, na je koyarwar gwaji kamar kowa, amma wallahi ranar da na kai takardata makaranta aka miƙo min rajista da kwalin alli aka ce ga aji biyu can, ina leƙawa na ga kawuna sun haura tamanin, wasu kan benci wasu kan tabarma wasu kan siminti, sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi. A kwaleji an karantar da mu cewa manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Babu wanda ya koya min yadda ake sa yara tamanin su yi shiru lokaci guda ba tare da bulala ba.

To ban gama haddace sunayensu ba sai ga shirin faretin 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kan Najeriya, aka ce ai ke ce yarinya jininki na gudu, ke za ki riƙe atisaye. Sati biyu cur daga an fita tara har a tashi muna fili muna hagu dama, ajina kuwa monita ke tsare da shi, yaro ɗan shekara takwas da 'yar sanda a hannu yana rubuta sunan masu surutu alhali shi ma bai iya rubuta nasa daidai ba. Ana gama wannan sai 5 ga wata ranar malamai, a shirya yara su yi waƙe da ɗan wasan kwaikwayo, ni. 15 ga wata ranar wanke hannu ta duniya, a nemo bokiti da buta da sabulu a jera yara, ni. Taron iyaye da malamai, rubuta abin da aka tattauna, ni. Za a zo duba makaranta, a zana jadawali a manna a bango, ni ɗin dai. Ga littafin shirin darasi da dole hedimasta ya sa hannu duk Litinin, wanda nake rubutawa da fitilar waya bayan isha'i.

Kar wani ya ɗauka ina ƙin bukukuwan ne, ina son su har raina. Akwai wata yarinya a ajina da ta yi sati uku ban ji muryarta ba, ko sunanta na kira a rajista sai dai ta ɗaga hannu, amma ranar da aka ɗora ganga aka fara maci ita ce ta fi kowa kama takun, na sa ta a gaba, ranar fareti tana tafe tana cilla hannu da hijabinta fari tas an sha guga, babarta na gefen fili tana share hawaye da bakin mayafi. Tun daga ranar yarinyar nan ta fara amsa tambaya a aji. Wanda ya ga wannan ba zai ce fareti ɓata lokaci ba ne.

Abin da ke damuna shi ne wa ake ɗora wa, kuma a wane lokaci. Don duk wanda ya san karkara ya san zangon farko da kaka yake tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ana komawa makaranta ana girbin gero, sai cirar gyaɗa, sai roron wake, kafin a ce kwabo dawa ta nuna an shiga yanka da sussuka. Rajistata ta Oktoba duk ta cika da alamar fashi, wasu suna gona, wasu sun tafi talla ranar kasuwa, wasu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da su don lokacinsa ke nan bayan damina. Ban ga laifin iyayen ba, abincin shekara ne ake tattarawa, hannu ɗaya idan ya ragu an ji a jika. Wani yaro da ya yi kwana tara bai zo ba, ranar da ya dawo tafin hannunsa duk kanta, farcensa cike da ƙasa, ya zo teburina ya juye min ɗanyar gyaɗa daga aljihu ya ce Malama ta gonarmu ce, ko minti goma ba a yi ba ya kifa kai kan benci barci ya ɗauke shi. Ban tashe shi ba. Amma a daren na zauna ina lissafi, kwanakin da yaron nan ya zo ni ina fili, kwanakin da nake aji shi yana gona, to yaushe muka haɗu ni da shi har zan koya masa bambancin b da d, balle ɓ da ɗ?

Allah ya saka wa wata dattijuwar malama da ke koyar da 'yan aji ɗaya da alheri, ta kusa ritaya, Inna muke ce mata. Ba wanda ya sa ta. Wata rana ta same ni a bayan aji ina kuka ta ce 'yata share hawayenki, gobe ki zo da wuri. Ita ta koya min tafi uku da ake yi yara su amsa su nutsu, ita ta ce in raba su rukuni rukuni in sa mai ɗan ganewa a tsakiyar kowane rukuni, ita ta ce tunda kaka ce in sa kowa ya zo da karan dawa da tsakuwa ashirin a gwangwani. Da ɓargon kara da sille muka riƙa haɗa baƙaƙe a ƙasa, tsakuwa kuma muka yi tarawa da ɗebewa da ita, yaron da ya kasa riƙe fensir sai ga shi ya haɗa harafin farko na sunansa yana kiran ɗan'uwansa ya zo ya gani. Abin da Inna ta koya min a sati biyu ya fi min amfani a gaban allo fiye da rabin takardun da na haddace don jarrabawa.

To shi ne nake tambaya, me ya sa sai an yi dace? Da ban samu Inna ba fa? A Ingila tun 2021 sabon malami shekara biyu yake yi ƙarƙashin wani gogaggen malami da aka ware masa, kuma a shekarar farko ana rage masa kashi 10 cikin ɗari na darussan da zai shiga don ya samu lokacin koyo. Na san za a ce su suna da kuɗi, gaskiya ne, amma haɗa sabo da tsohon hannu a makaranta ɗaya ba ya cin ko sisi, hedimasta ne kawai zai ce wance ga 'yarki nan, ki riƙa leƙa ta sau biyu a sati. Haka raba hidimar biki tsakanin malamai ba ya buƙatar kasafi. Ita kanta ranar malamai da muke yi wa waƙe, UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara ta ne a 1994 don tunawa da shawarwarin 1966 kan matsayin malami, kuma cikin abin da suka taɓo har da yawan yara a aji da yadda za a karɓi sabon shiga.

Wasu manyanmu sukan ce mu ma haka muka fara ba wanda ya riƙe mana hannu. Na yarda kun sha wuya, ina kuma girmama ku, amma ba ku kaɗai kuka biya kuɗin wannan wuyar ba, yaran da suka zauna gabanku a shekarar farko su ma sun biya, kamar yadda nawa suka biya bana.

Yanzu hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, rabin ajin tari da majina, leɓɓa duk sun tsage, amma an gama aikin gona benci ya sake cika har ba wurin taka ƙafa. Na ware sunan yara 23 da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi da wasali, mai gyaɗar nan yana ciki. Na roƙi hedimasta idan an dawo a Janairu ya cire ni daga kwamitin wasanni ya bar min rabin awa bayan tara da su kaɗai, ya ce zai duba. Inna ta ce ko bai duba ba in turo mata goma daga ciki, tana da tabarma a bayan ajinta.