Simintin da ke cinye tsofaffin gine-gine

Duk mai tsohon gini na jan bulo ko na dutse, ranar da ya ga kwaɓin da ke tsakanin bulo ya fara zubewa, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne a nemo siminti mai ƙarfi a toshe. Ɗan kwangila ma ba zai hana shi ba, domin aikin na da sauri, kuma idan an gama bango na yin kyau a ido. Ni dai a ganina, a gine-ginen da suka haura shekara ɗari, irin wannan gyara ya fi ruwan sama da tsufa ɓarna. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Dalilin yana cikin yadda aka gina su tun asali. A 1824 ne wani birkila ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da ake kira Portland, kuma sai a farkon ƙarni na 20 ya mamaye harkar gini. Kafin nan da farar ƙasa ake kwaɓi. A ƙona dutsenta, a jiƙa, a haɗa da yashi, a ɗora bulo a kai. Kwaɓin ba ya sandarewa cikin kwana ɗaya ko biyu, a hankali yake shan iskar kabon daga sarari har ya koma kusan dutsen da aka ƙona. Ko bayan ya kama, yana da ɗan taushi, kuma danshi na iya ratsa shi ya fita.

Wannan taushin da mutane ke ɗauka aibi ne, shi ne amfaninsa. Bango ba ya zama cak. Rana ta buga shi ya ɗan buɗe, sanyi ya zo ya tsuke, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashinsa. Kwaɓin farar ƙasa ne ke shanye wannan motsi. Ruwan da ya shiga jikin bango kuma ta layukan kwaɓin yake fita. Saboda haka kwaɓin ne ke fara lalacewa, kuma da gangan ne: sauya kwaɓi bayan shekaru masu yawa ya fi sauya bulo sauƙi nesa ba kusa ba.

To a zo a cike layukan nan da siminti. Ya fi tsohon bulon tauri, kuma ba ya barin danshi ya wuce yadda ya kamata. Ruwa ya rasa ƙofa, sai ya bi ta cikin bulon. A ƙasashe masu tsananin sanyi, ruwan ya daskare a ciki, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya ɓalle fuskar bulon. A wurare masu zafi gishirin da ruwa ya kwaso daga ƙasa ne ke wannan aikin: ruwan ya bushe, gishirin ya taru a ƙananan ramukan bulon ya tura su har su fashe. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan bango ya san kamanninsa. Layukan siminti na nan tsaye tsaf, toka-toka, sun fito waje, bulon da ke tsakaninsu ya lotse ciki, idan ka goga yatsa sai ya fito da jan gari, a gindin bangon kuma ga ɓarɓashi ya taru. Gyaran ya tsira, ginin ya tafi.

Kada a ɗauka ƙananan birkiloli kaɗai ke faɗawa wannan rami. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1930, injiniya Nikolaos Balanos ya jagoranci gyaran tsofaffin gine-ginen dutsen Akropolis a birnin Atina na Girka, ciki har da tsohon wurin bautar nan mai suna Fatenon. Magina na dā sun haɗa manyan duwatsun da maɗauran ƙarfe, amma sai da suka narka darma suka lulluɓe ƙarfen don kada ruwa ya taɓa shi. Balanos ya sa nasa ƙarfen ba tare da irin wannan kariya ba. Danshi ya isa gare shi, ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, ta rinƙa tsaga duwatsun da suka yi shekara fiye da 2,000 suna tsaye. Tun 1975, lokacin da gwamnatin Girka ta kafa kwamitin kula da wurin, babban ɓangare na aikin shi ne warware gyaran baya: a sauke dutse, a cire ruɓaɓɓen ƙarfe, a maye gurbinsa da titaniyam wanda ba ya irin wannan tsatsa. Balanos ba jahili ba ne. Ya amince ne da kayan zamaninsa fiye da yadda ya fahimci ginin da ke gabansa.

Wanke bango ma haka yake. Mai otal ko banki na so gininsa ya fito fes, sai a kawo injin da ke fesa yashi da ƙarfi. Dattin zai fita, amma tare da fatar bulon, wato ɓangaren da wuta ta fi gasawa, wanda ke kare cikinsa daga ruwa. Ba a banza ba ƙa'idojin gyaran gine-ginen tarihi na Amurka suka hana wannan hanya. Fenti mai hana ruwa shiga kuwa, yana hana shi fita ne ma.

Masu gine-ginen kasuwanci na da hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Aikin farar ƙasa na cin lokaci. Dole a kare shi daga rana da iska, a rinƙa yayyafa masa ruwa, a jira. Kowace rana da matakalar magina ke kafe a gaban shago, ciniki ne ke raguwa. Birkilolin da suka iya aikin sun yi ƙaranci, waɗanda suka iya kuma ba sa araha. Sannan akwai batun rai. A 1979 wani ɓangaren gini ya ɓalle ya faɗo kan wata ɗaliba a birnin New York ya kashe ta. A 1980 birnin ya kafa dokar duba bangon dogayen gine-gine, aka faɗaɗa ta a 1998, kuma dokar ta sharɗanta cewa duk ginin da ya wuce hawa shida sai ƙwararre ya duba shi kowace shekara biyar. Doka ce mai kyau, ya kamata duk birnin da ke da tsofaffin benaye ya yi irinta. Amma dubi abin da ya biyo baya. Wasu masu gidaje sun ga cire kayan adon saman gini gaba ɗaya ya fi gyara shi sauƙi, suka cire. Wasu suka kafa rumfar kariya a kan hanyar masu tafiya suka bar ta shekara da shekaru, aikin kuwa shiru. Dokar da ta ce a duba, ba ta damu da yadda za a gyara ba, rabin aiki ta yi.

Hujjar tsada kuma tana rushewa idan aka tsawaita lissafin. Wanda ya toshe da siminti bana, nan gaba ba kwaɓi kaɗai zai saya ba, har da bulo, kuma cire siminti daga jikin tsohon bulo ba tare da an fasa gefensa ba aiki ne mai wahalar gaske. Sai dai a yi adalci: ginin da aka yi shi da siminti tun farko, da bulo mai tauri na zamani, kwaɓi mai siminti ya dace da shi. Ba ƙiyayya ake da siminti ba. Abin da ake nema shi ne sabon kwaɓi ya yi daidai da tsohon, kada ya fi bulon ƙarfi. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tsaya a kan haka: a koma ga dabarar zamani ne idan ta gargajiya ta gaza, kuma sai wadda bincike da gogewa suka tabbatar da ingancinta.

Tun a 1877 mai zane kuma marubuci William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila a kan cewa kulawa ta yau da kullum ta fi babban gyara na lokaci ɗaya. Wannan ba aikin da ake yanke kirtani a kansa ba ne, shi ya sa ba a son sa. Share indararo, gyara bututun da ke yoyo a jikin bango, tuge tsiron da ya fito a tsakanin bulo tun saiwarsa ba ta yi nisa ba. Yawancin lalacewar bango daga sama take farawa, kuma duk wanda ya sabunta kwaɓi bai tare ruwan da ke zubowa daga rufi ba, zai sake kiran birkila.

Idan aikin ya kai ga kwangila, akwai abin da mai gini zai iya sharɗantawa ko da bai san komai a harkar ba. A ɗebi tsohon kwaɓin a auna abin da ke cikinsa. A ƙwaƙule layin da zurfin da ya kai ninki biyu na faɗinsa ko sama da haka, ba a shafa sabo a kan ruɓaɓɓe ba, kuma a yi hattara da injin yanka, domin hannu ɗaya ya kuɓuce ya ci gefen bulo. Inda kwaɓin ke da lafiya a ƙyale shi. Kafin a taɓa fuskar ginin, a sa ɗan kwangila ya gwada a wani ɗan lungu da ba a gani sosai, a bar shi ya bushe, a duba launi da taurinsa, sannan a sa hannu a takarda.