Hannun Madam a Kan Jar Darduma

Da zarar hoton wani gwamna ko minista ya fito yana riƙe da hannun matarsa a wurin taro, sai 'yan Facebook su rabu gida biyu. Waɗannan su ce ai wayewa ce, gara mazan Arewa su koya. Waɗancan su ce rashin kunya ne da kwaikwayon Turawa. A kwana biyu ana jifan juna da magana, sai wani hoton ya fito a koma kansa. Ni a ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Babu mai musun cewa miji na da damar nuna wa matarsa ƙauna, halalinsa ce. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: a wane lokaci na taron, da wane hannu, kuma sun yi shawara a kan haka kafin a buɗe ƙofa ko kuwa?

Tsarin mulkin 1999 bai san wani ofishi mai suna na uwargidan shugaban ƙasa ba, balle ta gwamna. Al'ada ce ta kafa shi, kuma marigayiya Maryam Babangida ce ta ɗaga darajarsa da shirinta na inganta rayuwar matan karkara a 1987. Tun daga nan matar shugaba ta zama mai kujera a sahun gaba, mai ayarin motoci da masu tsaro. Amma tun da doka ba ta faɗi inda za ta tsaya ba, nauyin ya koma kan jami'an furotokol, su ne masu tsara wa zai fara fitowa, wa zai tsaya dama, wa zai zauna ina. Yawancin abin kunyar da muke gani a bidiyo daga nan yake farawa, ba daga zuciyar ma'auratan ba.

Duk taron gwamnati a Abuja, ko a dandalin Eagle Square ne ko a fadar Aso Rock, yana da wasu mintuna da mutumin da ke tsaye a wurin ba mijin kowa ba ne, kujerar ce a tsaye. Lokacin taken ƙasa. Lokacin da zai duba faretin ban girma na dakarun da ke gadin fadar shugaban ƙasa, inda daga shi sai kwamandan fareti da dogarinsa ke tafiya, uwargida tana wurin zamanta. Lokacin rantsuwar kama aiki. Lokacin ajiye furanni a ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu. Lokacin karɓar takardun sabon jakada. A waɗannan wuraren babu riƙe hannu, babu raɗa a kunne, babu gyara wa juna hula ko mayafi. Ba don wani abu ba sai don sojan da ke ƙame yana sarawa ba Alhaji wane yake sara wa ba, ofishin yake girmamawa. In aka haɗa duka mintunan nan a taron awa uku, da ƙyar su cika rabin awa. Wanda ya kasa haƙurin rabin awa, to matsalarsa ta wuce ta soyayya.

Af, akwai ma wata 'yar magana ta fiƙihu da masu shirya rantsuwa kan manta. Musulmin da zai ɗauki Alƙur'ani yana buƙatar alwala, kuma a mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, shafar mace da nufin jin daɗi ko samunsa tana warware ta, haka ma sumba a baki, sai fa in ta bankwana ce ko ta tausayi. Don haka mai son kwaikwayon abin da yake gani a rantsuwar Amurka ya fara tuna abin da zai ɗauka da hannunsa.

Bayan waɗannan mintuna kuwa, akwai wuraren da rashin miƙa hannun shi ne abin zargi. Babban misali matakalar jirgi. Matakalar da ake jinginawa a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ƙarfe ce, tana da tsayi, ga iska, in damina ce ga santsi. Mace sanye da lafaya ko zani mai sauka har ƙasa, da takalmi mai tsini, hannu ɗaya da jaka, tana buƙatar abin dafawa. Mijin da ya sauko fuu ya bar ta tana lalube a sama bai nuna kunya ba, rashin kula ya nuna. Tsarin da ba ya ba da matsala shi ne ta kasance a hagunsa, ya ba ta hannun hagu ko ya tallafi gwiwar hannunta, ɗaya hannun nata a kan ƙarfen dafawa, jakar kuma a miƙa wa mai taimaka mata tun cikin jirgi. Hannunsa na dama dole ya zauna a sake, domin da shi zai gaisa da masu tarba, da shi zai karɓi gaisuwar soja. Da ƙafarsu ta taka darduma, sai a saki. Daga matakalar ƙarshe zuwa mutum na farko a layin tarba bai wuce 'yan taku ba, kuma in ba a saki da wuri ba sai ka ga shugaba yana fizge hannunsa a gaban baƙo, matar kuma ta tsaya ba ta san inda za ta sa nata ba.

Masu tsaro ma suna da tasu hujjar. Shugaba da uwargida kowa da jami'an da aka ɗora wa alhakinsa. In wani abu ya taso, kowane rukuni zai rufe nasa ya janye shi ta hanyar da aka tsara. Mutum biyu da suka sarƙe hannu sun zama kaya ɗaya mai wuyar ɗauka, shi ya sa a cikin cunkoso, kamar filin kamfen ko kasuwa, jami'an suka fi son a bar ɗan tazara. Haka a mota: tun da muka koma tuƙi a hannun dama a 1972, kujerar mai girma ita ce ta baya a dama, wajen da ake sauka kan darduma, uwargida kuma bayan direba. Ita ƙofarta tana can ɗaya gefen, sai ta zagayo. Abin da ya kamace shi shi ne ya dakata 'yan daƙiƙu ta iso su jera. Wannan dakatawar ta fi runguma goma faɗin darajar mace a wurin mijinta, kuma babu malamin da zai yi huɗuba a kanta.

Yanzu mu dubi inda abin ke lalacewa. A watan Mayun 2017, a filin jirgin Tel Abib, Donald Trump ya miƙa hannu baya zai kama na matarsa Melania a kan jar darduma, ta kaɗe shi. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma ya zagaya duniya. A Mayun 2025 a Hanoi, babban birnin Vietnam, ƙofar jirgin shugaban Faransa Emmanuel Macron ta buɗe daidai lokacin da hannun matarsa Brigitte ya ture fuskarsa. Da farko fadarsa ta nemi ta musanta bidiyon, daga baya aka ce wasa ne tsakanin miji da mata. Da suka zo saukowa ya miƙa mata hannu, ita kuma ta kama ƙarfen matakala. Ko wasa ne ko faɗa, wannan tsakaninsu ne. Kuskuren aiki guda biyu ne: an buɗe ƙofa ba tare da wani ya ce musu kyamara na kallo ba, sannan aka yi gaggawar ƙaryata abin da idon kowa ya gani.

A lura, a duka biyun ba ƙaunar ce ta jawo surutu ba, tayin da ba a karɓa ba ne. Kuma dalilin da ya sa ba a tsira shi ne lissafin kyamara. Bidiyon talabijin irin namu yana ɗaukar hoto 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu kacal sun ba da hoto 100, kuma a cikinsu dole a samu wanda ido ya lumshe, baki ya karkace, fuska ta yi kamar ta mai fushi. Shi mai neman abin yaɗawa ɗaya kawai yake buƙata. Ga masu dogon gilashi da ke hango motsin leɓe daga can ƙarshen fili, ga ƙaramin makirufo da ake maƙala wa riga wanda sau da yawa ba a kashe shi bayan jawabi. Raɗar da aka yi a kunne tana iya ƙarewa a lasifika.

Sai kuma tufafinmu, waɗanda ba a ɗinka su don runguma a tsaye ba. Ko a Amurka, ranar rantsar da Trump a Janairun 2025, faffaɗar hular Melania ta tare shi da ya kai fuska zai sumbace ta, aka yi ta dariya. To ina ga ɗaurin gwaggwaro da ya fi kafaɗa faɗi, da hula zanna da aka kafa a goshi, da babbar riga mai aiki wadda zobe ko awarwaro kan maƙale a zarenta? Hoda da jan baki kuma in suka taɓa farar shadda ba sa fita da hankici. Mutum ya hau mumbari da tambari a kafaɗa, jawabin kasafin kuɗi ya tafi a banza, kowa kafaɗar yake kallo.

Masu cewa duk wannan baƙon abu ne a wurinmu, su ma su sassauta. Gaskiya ne mun tashi a gidajen da mace ba ta kiran sunan mijinta, sai Malam, sai Alhaji, sai baban wane, kuma kunya ado ce da ba za mu yar ba. Amma ingantaccen tarihi ya nuna a hanyar dawowa daga Khaibar Manzon Allah (SAW) ya durƙusa kusa da raƙumi ya kafa gwiwarsa, Nana Safiyya ta taka ta hau, a gaban runduna. Wannan hidima ce mai dalili, ba nuni ba. Ko a yau muna da irinta a tsarin gwamnati: ranar da aka ƙara wa hafsan soja ko ɗan sanda girma, babban baƙo ke maƙala anini a kafaɗa ɗaya, matarsa ta maƙala a ɗayar. Tana taɓa mijinta a gaban shugaban ƙasa da kyamarori, ba wanda ya taɓa cewa uffan, saboda an ba taɓawar aiki, an ba ta lokaci, an kuma san inda ta ƙare.

Inda tamu ta bambanta da ta Turawa sosai shi ne gidan da ke da mata biyu ko uku. A nan riƙe hannun ɗaya a gaban jama'a sanarwa ce, kuma za a karanta ta a cikin gida, a dangin kowace, har a jam'iyya. Wace ce ke fita taron ƙasa, wace ce ke karɓar matan ƙananan hukumomi, wace ce ake kira uwargidan gwamna a takardar gayyata, duk sai an zauna an raba tun kafin rantsuwa. In za su fito tare, kujerunsu iri ɗaya, jerin ya bi girman aure, mai gabatarwa ya ambaci kowace da sunanta, shi kuma maigidan ya ajiye hannayensa a wurinsa. Hoto ɗaya na iya kunna wutar da sai iyaye sun sa baki.

Nunin ƙaunar da na fi ƙi shi ne na shiri, wanda masu tallan ɗan takara ke tsarawa: a ciyar da juna kek, a jingina kai a kafaɗa, mai hoto na gefe yana cewa a sake. A babban taron jam'iyyarsa na 2000, ɗan takarar shugabancin Amurka Al Gore ya yi wa matarsa Tipper doguwar sumba a kan dandamali, aka yi ta zancen har bayan zaɓe. A 2010 suka sanar da rabuwa. Ba ina cewa ta ƙarya ce ba, ina cewa hoto ba ya shaidar aure, kuma ba ya shaidar iya mulki. Talakan Nyanya ko Mararaba da ya sha layin mota tun asuba ba zai ga hoton nan ya ji sanyi ba. In kuwa ziyarar ta jaje ce, ko sansanin 'yan gudun hijira, ko asibiti bayan hari, to ko murmushin juna a ajiye shi sai an koma mota. Akwai matar da ke zaune a wurin wadda aka binne mijinta jiya.

Baki ma yana nuni, kuma ya fi hannu barin tabo. A Oktoban 2016 a Balin, marigayi Muhammadu Buhari na tsaye kusa da shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ya mayar wa matarsa Hajiya Aisha martanin sukar da ta yi wa gwamnatinsa a hirarta da BBC Hausa da cewa wurinta kicin ne da falo da ɗaya ɗakin. Mai magana da yawunsa ya ce raha ce. Wataƙila a falon gida a Daura da an yi dariya an wuce, amma a gaban mace mai mulkin Jamus da 'yan jaridar duniya, maganar ta danne duk abin da aka je yi.

In tafiyar ta ƙasar waje ce, al'adar mai masauki ce ke gaba. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sumba a bainar jama'a na iya zama laifi a doka. A Ingila kuwa, da Michelle Obama ta ɗora hannu a bayan Sarauniya Elizabeth a 2009, jaridu sun kwana suna muhawara, duk da ita Sarauniyar ba ta nuna damuwa ba.

Maganin duk wannan ba ya cin minti biyar. Kafin a buɗe ƙofar jirgi ko ta mota, babban jami'in furotokol ya matso ya ce: Ranka ya daɗe, matakala ce mai tsayi, Hajiya za ta kasance a hagunka, za ka riƙe ta ko mai taimaka mata ce za ta riƙe? Ya juya ya tambaye ta ita ma, ranki ya daɗe, kin amince? Ya faɗa musu inda za a saki, inda kyamarori suke, da wanda zai fara gaisawa. Ya duba makirufo a kashe yake. In ya lura an shigo jirgin ba a ga maciji, kada ya tsara riƙe hannu sam, ya sa mace ɗaya daga cikin jami'ai a bayan Hajiya, maigida ya sauko taku ɗaya a gabanta ya jira ta a ƙasa. Sai ya ɗaga wa ma'aikacin jirgi hannu ya buɗe.