Giɓin kasafin kuɗi: a riƙa nuna mana sauran ɓangarori biyun

Duk shekara idan aka gabatar da kasafin kuɗi, magana ɗaya ce ke cika gidajen rediyo da jaridu: gwamnati za ta kashe fiye da abin da za ta samu, giɓin ya kai tiriliyan kaza. A nan muhawarar ke tsayawa. Ba kasafai ake tambayar hannun wa kuɗin ya shiga ba, alhali abin da mai shago ya rubuta a littafinsa cewa yana bi, shi ne dai ke wuyan maƙwabcinsa. Bashin wani dukiyar wani ce.

A kan wannan ne masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, Wynne Godley, wanda ya rasu a 2010, ya gina aikinsa. Ya kasa ƙasa gida uku: gwamnati, masu zaman kansu wato magidanta da kamfanoni, sai ƙasashen waje. Kowane ɓangare a ƙarshen shekara ko dai ya yi rara ko ya yi giɓi, kuma idan aka haɗa ukun dole su tashi sifiri. A 1999, lokacin da Amurka ke murnar rarar kasafi a zamanin Bill Clinton, Godley ya yi gargaɗin cewa magidanta da kamfanoni ne ke cin bashi suna ɗauke da wannan rarar, kuma tafiyar ba mai ɗorewa ba ce.

Sifaniya ta fi ba ni tsoro. Daga 2005 zuwa 2007 gwamnatinta rara take yi, a 2007 bashinta bai kai kashi 40 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, ana ta yaba mata. A daidai lokacin, giɓin mu'amalarta da waje ya doshi kashi 10 cikin ɗari. Wa ke cike wannan rami? Iyalai masu karɓar rancen gida da kamfanonin gine-gine. Da rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya zo, rashin aikin yi ya haura kashi 25 cikin ɗari a 2012. Wanda ya zuba wa kasafin gwamnati ido kaɗai bai ga komai yana tahowa ba.

Zanen da zai nuna ɓangarorin uku tare ba wuya. Shekaru a jere a manhajar lissafi ta Excel, kowane ɓangare da layinsa, a raba kowane adadi da jimillar arzikin ƙasa na shekarar. Masu rara su hau saman sifiri, masu giɓi su sauka ƙasa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɓangaren waje: idan ƙasa ta yi giɓi a mu'amalarta da duniya, to waje ne ya yi rara, don haka sai an juya alamar. Ba'amurke zai gama wannan kafin shayinsa ya huce, domin babban bankin ƙasarsa na fitar da rahoton Z.1, mai ɗauke da alƙaluman kuɗi na kowane ɓangare, duk wata uku, kuma rumbun alƙaluma na FRED na reshen bankin da ke St. Louis kyauta ne. Ɗan Turai yana da Eurostat, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai.

Mu kuwa sai an sha wahala. Babban Bankin Najeriya na fitar da alƙaluman mu'amala da waje da dala, kasafi kuma da naira yake, ga shi a Yunin 2023 an saki farashin canji. Da wane farashi za ka juya? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta ma'aunin arzikin ƙasa a 2014, adadin ya kusa ninkawa, ta sake sabuntawa a 2025. Duk wanda ya gauraya tsohon ma'auni da sabo zai ga giɓi ya ragu dare ɗaya ba tare da an tsuke ko kwabo ba. Babbar matsalar ita ce kalmar gwamnati a wannan lissafi ta ƙunshi tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma abin da aka kashe a zahiri ake buƙata, ba abin da aka karanta a zauren majalisa ba. A ƙarshe ɓangaren masu zaman kansu ba a auna shi kai tsaye, ragowar lissafi ne, duk kuskuren sauran biyun a kansa yake taruwa.

Kada a ɗauka ina cewa giɓi alheri ne. Lissafin bai faɗi wane ɓangare ne ya ja sauran ba, bai kuma faɗi ko rarar masu zaman kansu ta tsaya a hannun bankuna da 'yan kwangila ƙalilan ba. Naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta ranta daga Babban Banki, waɗanda majalisa ta amince a mayar da su bashin dogon zango a 2023, sun shiga aljihun wasu, talaka kuma ya gamu da tsadar kaya a kasuwa.

Abin da nake nema daga Babban Banki da Hukumar Ƙididdiga da Ofishin Kasafi shi ne su haɗa kai su riƙa fitar da teburi guda duk wata uku, da naira, a kan ma'auni ɗaya, wanda ɗalibin tattalin arziki a Zariya ko Sakkwato zai iya saukewa a wayarsa ya zana da kansa.