Yadda Bayana Ya Tona Mani Asiri a Ƙofar Marusa

Masu kirana suna tambaya wai da gaske ne abin da ya faru ranar Talata a ƙofar gidan Kawu, to da gaske ne, amma ba yadda mai kemis yake yawo da labarin ba. Ku ji daga bakin mai ita.

Kun dai san na dawo daga Masar. Can na karanta gashin ƙashi, wato fisiyo, na yi shekarar imtiyaz ta koyon aiki a asibiti, na zauna na yi aiki a Alƙahira har hannuna ya faɗa. Masu shanyewar ɓarin jiki, masu ciwon baya, waɗanda aka cire wa filasta gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, duk sun bi ta hannuna. Na dawo Katsina na tarar takardar can ba ta ba ni ikon taɓa ko ɗan yatsan mutum a nan ba. Akwai hukumar da ke da wannan hurumi, MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa. Wanda ya yi karatu a waje sai an tantance takardunsa, ya zauna jarrabawar da aka tanada wa irinsa, sannan a yi zancen lasisi, shi ma duk shekara ake sabunta shi. Ban ga laifinsu ba, jikin mutane ne. Ga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja da za ta duba ko makarantar taka makaranta ce, ga fassarar takardu daga Larabci zuwa Turanci, ga bautar ƙasa tana jira a gaba. Duk wannan yana cikin wani koren fayil da nake yawo da shi a hammata, har yaran layinmu sun raɗa mani Mai Fayil.

Abin da ya jawo mani baƙin jini shi ne na ƙi duba kowa. Alhajin da nake neman ɗiyarsa, kun san shi, kafaɗarsa ta daskare, hula ma sai da hannun hagu yake sa ta, ga shi da ciwon suga, wanda dama masu shi irin wannan kafaɗa ta fi kamawa. Ya aiko na je. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mani haƙuri, ban da lasisi tukuna, amma akwai sashen fisiyo a asibiti, a daure a je can." Ya ɗan dube ni, ya dubi fayil ɗin, ya ce, "To, Allah shi kawo lasisin." Duk wanda ya san dattawan Katsina ya san wannan ba addu'a ba ce.

Abu ɗaya da doka ba ta hana ni ba shi ne surutu. Saboda haka majalisar Kawu ta sha lacca. Na koya masu yadda ake ɗaukar buhu: a lanƙwasa gwiwa, a jawo kaya jikinka, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu. Har tashi na yi na gwada masu da jarkar mai shayi. Ku riƙe wannan.

Ranar Talatar tun hantsi ina kafe wajen mutuminku mai gilashi, mai shagon kwamfuta da buga takardu, a kan bencin nan nasa mara majingina, muna jiran netwok ya ga dama ya fitar mani da lambar Remita, RRR ɗin nan mai lamba 12 da ake biyan kuɗin gwamnati da ita. Sai bayan La'asar ta fito. Na hau kurkura, yaron ya bi da ni ta duk wani rami da ke tsakanin Sabon Layi da Ƙofar Marusa, bai bar ko ɗaya ya yi kewa ba. Na sauka na tarar ƙofar gida cike, Kawu ya dawo daga Umara ana ta zuwa yi masa barka, an baza tabarmi, dabino da zamzam suna zagayawa. Alhajin yana nan, zaune daf da Kawu.

Na tuɓe takalmi zan gaisa ke nan, iskar hunturu ta zare takardar Remita daga fayil ta jefar da ita gaban tabarmar dattawa. Na sunkuya zan ɗauka. Kuma ina so a rubuta a ajiye, gwiwata a lanƙwashe take, masu cewa a miƙe take ƙarya suke yi. Ina sunkuyen nan ƙura ta shiga hancina, atishawa ta zo. Atishawa ɗaya.

Wani abu ya kama ni a ƙasan baya ta dama, ya riƙe. Na yi niyyar miƙewa, jiki ya ce bai san zancen ba. Na yi niyyar ƙarasa durƙusawa, nan ma ya ƙi. Na tsaya cak, hannu biyu a gwiwa, kai a ƙasa, kamar mai ruku'u, hulata ta gangaro ta faɗa cikin farantin dabino.

Da farko ba wanda ya lura. An ɗauka gaisuwa ce. Kawu ya amsa, "Lahiya lau, lahiya lau, Allah shi yi albarka." Ban tashi ba. Ya sake amsawa. Wani dattijo ya ce, "Kai, yaron nan Masar ba ta ɓata shi ba, dubi ladabi." Alhajin ma har ya gyaɗa kai, kuma na rantse wannan ne karo na farko da na ga alamar ya gamsu da ni. Ni kuwa gumi ke ɗiga daga hancina cikin sanyin nan. Da abin ya wuce misali Kawu ya ce, "To ya isa haka nan, tashi mana." Na ce da ƙaramar murya, "Kawu, ba ni iyawa." Ya ce, "Mi?" Na ce, "Bayana ya riƙe." Sai wuri ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan autan Gwaggo, ɗan aji uku na firamare, ya ɗaga murya daga bakin zaure ya ce, "Sami'allahu liman hamidahu!" An kai masa ranƙwashi, amma wanda ya kai ranƙwashin ma dariya yake yi.

Ni na san abin da ya same ni. Naman da ke gefen ƙashin baya ne ya ɗaure, yawanci ba wani abin tashin hankali ba ne, mafi yawan irinsa cikin 'yan makonni yake sakin mutum. Na fara bayani daga inda nake sunkuye, ina magana da tabarma: kada a ja ni, a kawo kujera in dafa, a bar ni in kwanta ta gefe da kaina. Ba wanda ya saurare ni. Mutum huɗu suka ɗauke ni yadda nake a lanƙwashe suka kife ni a tabarma. A nan mai kemis ya iso, da silifas ƙafa ɗaya ba irin ɗaya ba saboda sauri, ya leƙo fuskata ya ce, "A'a, Dakta, kada ka karya doka. Kana da lasisin duba kanka?"

Bari in tsaya a kan mutumin nan, don na daɗe da shi a ciki. Tun ina yaro unguwar nan Dakta take ce masa, kuma ban taɓa ganin takarda a bangon shagonsa ba in ban da kalandar wani kamfanin magani da ta shekara goma tana nuna wata ɗaya. Shi ne ya yi mani allurar kulorakwin ina aji huɗu na kwana ina susa har da mazagin wando, da aka gaya masa ya ce alamar magani yana aiki ne. Tun 2005 ƙasar nan ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro, shi har yau kewar kulorakwin yake yi. Ciwon kai ƙarin ruwa, ciwon ƙafa ƙarin ruwa, matar da ta yi faɗa da kishiya ma in ta shiga shagonsa sai ta fito da filasta a bayan hannu. Tun da na dawo yake bi majalisa majalisa yana cewa abin da na je Masar na karanto tausa ce, matarsa ma tana yi masa kyauta. Kuma ina binsa canjin naira ɗari biyu tun kafin azumi, kullum sai ya ce ba canji, in ɗauki fanadol. Ban son fanadol. Ranar nan yana tsaye a kaina har ya fara fasa kwalbar allurar diklofenak, bai tambayi ko ina da olsa ba, ina da ita kuwa, shi ma ya sani, shi ke sayar mani da maganinta.

Kawu ne ya hana shi, ya ce a kira Baba maɗori. Na ce daga ƙasa, "Kawu, ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne." Ya ce, "Kai dai yi shiru, ka ga inda iliminka ya kai ka."

Baba ya zo da 'yar jakarsa ta fata, bai yi gaggawa ba, sai da ya gaisa da kowa, ya ci dabino biyu daga farantin da hulata take ciki. Ya sa aka juya ni rigingine. Ya kama diddigen ƙafata ta dama ya ɗaga ta a miƙe a hankali, yana kallon fuskata, ya ce, "Shina sauka har ƙahwa, ko nan baya ya tsaya?" Jama'a, wannan gwajin sunan wani likita Bafaranshe, Lasègue, yake ɗauke da shi, na zauna jarrabawa a kansa da Larabci da Turanci, da shi ake gane ko faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Na ce a baya ya tsaya. Ya tsunkuli babban yatsana ya ce in tura hannunsa. Na tura. Sannan ya ɗaga murya, don kunnensa ya yi nauyi yana zaton na kowa ma haka ne, ya ce, "Hitsari hwa? Kana riƙe shi, ko shina zubowa?"

Tambaya ce mai kyau. Ita ce tambayar da ni ma zan yi, don in mai ciwon baya ya kasa riƙe fitsari ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, wannan ba zancen gashi ba ne, asibiti ake nufa a daren. Amma ni a bayan labule nake yin ta. Na ce a hankali, "Ina riƙewa, Baba." Ya ce, "Iye?" Mai kemis ya juya ga jama'a ya yi shela, "Ya ce shina riƙewa!" Wani ya ce alhamdu lillahi. Alhajin ya mai da idonsa kan carbinsa.

Aka kawo ruwan zafi daga wajen mai shayi, Baba ya jiƙa tsumma ya gasa mani wurin, ya murza man kaɗanya da tafin hannun nan nasa mai kaushi, a gaban kowa, rigata a naɗe har wuya. Da ya gama ya ce, "Kada ka kwanta ka ce jinya kake. Ka riƙa tattakawa kaɗan kaɗan, kwanciya ita ka ƙara ɗaure shi." Abin da ke cikin littattafanmu ke nan, kusan kalma da kalma. Na buɗe baki in ce ai haka binciken zamani ma ya nuna, Kawu ya ce, "To ka ji, ka riƙe, wataƙila su tambaye ka a jarrabawar."

Abin da ya fi ci mani rai, kafin Baba ya tafi Alhajin ya kira shi gefe yana nuna masa kafaɗa. Ina ji Baba yana ce masa ya riƙa tsayawa gaban bango yana hawa da yatsu sama sama kullum safe da yamma. Ni ma abin da zan ce masa ke nan da ina da lasisi.

Baya dai ya saki, ina tattakawa, jiya har Ƙofar Soro na je da ƙafa. Takardar Remita wani ya ɗora kofin shayi a kanta, lamba huɗu sun narke, mai gilashi ya ce sake bugawa naira ɗari ne kuma injinsa ba tawada. Sannan akwai wata roba mai kama da rula biyu a haɗe da ta faɗo daga fayil ɗina a hargitsin nan, da ita muke auna lanƙwasar gaɓa, an ce an ga autan Gwaggo da ita a makaranta yana ja layi. Gwaggo ta ce ba ta san zancen ba. Wanda zai bi ta gidan ya karɓo mani, ni ban son hawa dakalin ƙofarsu tukuna.