Albam Ya Fita Tsakar Dare, An Yanke Masa Hukunci Kafin Asuba

Wata sabuwar ɗabi'a ta kama masu sharhin waƙa a Ghana, kuma ta kai ni maƙura. Mawaƙi zai saki albam da ƙarfe 12 na daren Juma'a, kafin ladan ya kira assalatu a unguwar Aboabo ta Kumasi an riga an ba shi maki 10 bisa 10 a TikTok da X, an naɗa shi gagarabadau, an rantse babu kamarsa a bana. In ka nemi hujja sai a turo maka hoton fuskar waya: ya hau lamba ɗaya a Apple Music, ya tara saurare kaza a Audiomack, ya yi kaza a Boomplay. Shi ke nan, nazari ya ƙare. Mun ga haka lokacin da Black Sherif ya fitar da Iron Boy a watan Afrilun 2025, kuma duk wani babban mawaƙi da ya fitar da aiki tun daga nan, tarbar da ake yi masa ke nan.

Ba da Black Sherif nake ba. Yaron Konongo ne, a nan Kumasi Academy ya yi sakandare, kuma tun 2021 yake nuna cewa yana da abin faɗa. Shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi, don aikin da ya cancanci a zauna a saurare shi da natsuwa shi ake mayarwa lissafin kasuwa. Albam mai waƙoƙi 15 yana cin wajen minti 45 kafin a kai ƙarshensa. Wanda ya wallafa hukuncinsa minti 20 bayan fitar albam ɗin, don Allah da wane kunne ya ji sauran rabin?

Ya kamata a san abin da lambobin nan suke aunawa. Tun 2015 kamfanonin kiɗa na duniya suka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi, don lissafin mako ya tashi lokaci guda ko'ina. Spotify, wanda ya shigo Ghana a 2021, yana ƙirga waƙa a matsayin wadda aka saurara da zarar ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa. Daƙiƙa 30 fa. Ko baitin farko ba a gama ba. Mutumin da ya kunna waƙa ya ji ta gundure shi ya tsallake a daƙiƙa ta 35, da wanda ya saurara har ƙarshe ta sa shi hawaye, a littafin kamfani duk ɗaya ne. Abin da adadin ranar farko ke gaya maka shi ne yawan mutanen da suka ƙosa su ji, wato ƙarfin tallar da aka yi kafin fitarsa. Masu tallar sun riƙe karin maganar nan ta Juma'ar da za ta yi kyau, tun Laraba suke cika mana waya da guntayen bidiyo, mu kuma mu ɗauka kyan ne muka hango.

Ga kuma saye da sayarwa. Akwai masu tara wayoyi birjik a ɗaki suna ta juya waƙa ɗaya dare da rana don a biya su, har ta kai Spotify ya fara cin tarar kamfanonin da aka kama da irin wannan maguɗi a 2024. A shekarar ce kuma hukumomin Amurka suka gurfanar da wani mutum bisa zargin ya kwashe sama da dala miliyan 10 da waƙoƙin da kwamfuta ta ƙirƙira, kwamfuta kuma ta saurara. Lambar da kuɗi ke iya saya ita ce wasunmu suka mayar ma'aunin fasaha.

Kwanan baya na zauna a wata majalisar ataya a Asawase, samari sun jona waya da ƙaramar sifika suna bin wani sabon albam. Mai riƙe da wayar babban yatsansa bai huta ba. Kiɗa ya tashi, ya kaɗa kai sau biyu, ya ce wannan wuta ce, ya tsallake. Ta gaba ta buɗe da fiyano a hankali, bai bari murya ta shigo ba ya wuce. Na ce, "Kai ɗana, bari mana mu ji abin da zai ce." Ya ce, "Kawu, wannan ba ta da lamba, dubi, ita ce ta ƙasa a jeri." Kafin a zuba shayi na biyu sun gama da albam ɗin, har ɗaya daga cikinsu ya juya kyamara yana ba mabiyansa hukunci. Waƙar da ba ta da lamba ba a ji ta ba saboda ba ta da lamba, gobe kuma ba za ta samu lambar ba saboda ba a ji ta ba.

Su samarin ban ga laifinsu sosai ba, data na da tsada, kuma abin da suka ga manya na yi suke kwaikwayo. Waɗanda nake tuhuma su ne masu zama gaban makirfo a gidajen rediyo da masu shafukan nishaɗi da ke kiran kansu manazarta. Da yawansu sun koma sanƙira: mawaƙi na waƙa, su suna gefe suna kirari, ido na kan aljihun maigida. Kowa a harkar ya san ana shafa wa wasu mai a baka kafin waƙa ta shiga iska, kuma wanda ya karɓi goron gayyata zuwa bikin ƙaddamar da albam ba zai dawo ya ce waƙa ta bakwai cikon benci ce ba. Wanda bai karɓa ba kuma tsoron rundunar magoya baya yake yi, don a ƙasar nan in ka ce amshin wata waƙar Shatta Wale ko ta Stonebwoy bai zauna ba, har kakanninka sai sun sha zagi kafin la'asar.

Masu cewa jama'a ne alƙalai, lamba kuma muryar jama'a ce, sai su fara gaya mana ko ɗakin nan mai cike da wayoyi shi ma jama'a ne.

Sharhi na gaskiya aiki ne na bayani. Lokacin da Obrafour ya fitar da Pae Mu Ka a 1999, abin da ya sa har yau ake kiran albam ɗin ginshiƙin hiplife, wato haɗin highlife da gambarar zamani, shi ne yadda ya ɗauko zurfin harshen Twi da karin maganarsa ya ɗora a kan kiɗan da Hammer ya haɗa, shekara biyu bayan Reggie Rockstone ya buɗe ƙofar da Makaa Maka. Wannan magana ce da ake iya yi, a yi gardama a kanta, a kawo hujja daga baiti. Haka albam ɗin Mary na Sarkodie a 2015: mutumin da aka sani da gudun harshe ya koma ga kayan kiɗa na hannu tare da Akwaboah, ya sadaukar da aikin ga kakarsa. Ko ka so shi ko ka ƙi, dole ka yi bayanin me ya nema, ya samu ko bai samu ba. Hoton jadawalin waƙoƙin da aka fi saurara ba ya amsa wannan tambaya.

Abin kunya kuma, sau da yawa sai baƙi sun yaba namu kafin mu waiwaya. Albam ɗin Fountain Baby na Amaarae ya fita a 2023, manazartan Turai da Amurka suka sa shi cikin fitattun albam na shekarar, suna tattauna yadda ta gauraya pop da kiɗan Afirka har ta kutsa cikin rock da gita mai tsawa a wani wuri. A nan gida, nawa ne suka zauna suka rubuta shafi guda a kansa? Rock kuwa an mayar da shi kamar kayan wasu, alhali Teddy Osei, ɗan Kumasin nan da ya rasu a Janairun 2025, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar kiɗa ta Osibisa, mai gauraya rock da kiɗan Afirka, a Landan a 1969, albam ɗinsu na farko ya fita a 1971, shekarar da makaɗin rock Santana ya yi wasa a dandalin Black Star a Accra. Yau ga Dark Suburb suna kiɗan rock da fuskokin ƙwarangwal, amma tun da ba su hawa jadawali, a wajen manazartanmu kamar babu su.

Mu 'yan Zango mu ne muka fi yin asara a wannan tsari. Mawaƙan ƙungiyar VIP sun taso daga unguwar Nima ta Accra, suna jefa Hausa cikin baitocinsu, Ahomka Womu na 2003 ya kai su ga lashe manyan kyaututtuka a gasar Ghana Music Awards ta 2004. An ji su ne saboda akwai masu kunne a lokacin da suka tsaya musu. Yanzu akwai yara a Sawaba da Tafo da Mamobi da ke gambarar zamani da Hausa a ɗan ƙaramin situdiyo mai katifa a bango, wasunsu da azancin da zai ba ka mamaki, wasu kuma kwaikwayon Asakaa, wato salon gambarar drill na samarin Kumasi, kawai suke yi ba tare da sun san me ya sa na O'Kenneth da Jay Bahd ya karɓu ba. Waye zai bambance musu? Na'urar da ke jera wa mutane waƙoƙi ba ta jin Hausa, ba ta san habaici ba, ba ta san zambo ba. Mai sharhin da ke jin Hausar kuma yana can yana karanto lambobin wasu. Shi Asakaa ɗin ma, sai da mawaƙin Birtaniya Stormzy ya hau waƙar Yaw Tog a 2021, hukumar Grammy kuma ta ambaci drill na Ghana a sabon rukuninta na Afirka a 2023, sannan wasu manyanmu suka daina kiransa hayaniyar 'yan daba.

Na san sana'ar sharhi ba ta cikin walwala ko a waje, tun da a farkon 2024 aka cusa Pitchfork, shafin sharhin waƙa na Amurka, ƙarƙashin mujallar GQ aka sallami ma'aikata. Wannan ba uzuri ba ne ga mai riƙe da makirfo a Kumasi. Muna da Zuria FM a nan, akwai Marhaba FM a Accra, dukkansu suna da masu sauraron Hausa. Awa guda a mako ta isa a ɗauki albam ɗaya, a bar shi ya kwana bakwai, a bi shi waƙa bayan waƙa, a faɗi inda kiɗa ya danne murya da inda baiti ya yi rauni. Sharaɗi ɗaya: kada a karanta lamba ko guda. Wanda ba zai iya minti 10 yana magana a kan albam ba tare da ya leƙa jadawali ba, ya miƙa makirfon ga wani ya koma sashen talla.