Abin da ya hana su kira ni

Shekara 11 ke nan ina koyarwa a kwaleji a nan Tawa, kuma abin da na gani a watan Afrilu ya hana ni yin shiru.

Lokacin hutun ƙarfe 10 ne, zafi kamar a gasa mutum. Wani yaro mai shirin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji ya faɗi a bayan aji, jikinsa yana fizga, kumfa a bakinsa. Abokansa uku suka ja shi gindin bedi, ɗaya ya ruga shago ya sayo madara suna ƙoƙarin ɗura masa. Ba wanda suka kira. Sai wata yarinya ce ta zo tana haki ta ce, "Mushe, zo ka gani." Allah ya sa da sauran kwana, muka kai shi likita a kan lokaci. Tramol ya sha.

Daga baya na zaunar da su ukun na ce, "Yarana, me ya hana ku kira ni?" Ƙaramin cikinsu ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, mun ji tsoro a kore mu duka."

Wannan tsoron mu muka shuka shi. Mu ne muke fito da yaro gaban tuta ranar Litinin, a kira shi ɗan ƙwaya, ɗalibai suna kallo. Wanda ya ga haka sau ɗaya, yaya zai zo ya ce abokinsa ya sha wani abu?

Faɗakarwarmu ma tana da gyara. Muna cewa duk wanda ya taɓa ƙwaya haukacewa zai yi. To yaron nan ya san ɗan kabu-kabu a unguwarsu da ke jefa ta cikin kofi kowace safiya, kuma yana ganinsa a kan babur. Sai ya ɗauka ƙarya muke, ya zubar da sauran maganar har da gaskiyar da ke ciki. Wani kuma garin faɗakarwa sai ya jero sunayen ƙwayoyi da launinsu da yadda suke sa mutum ya ji, ya yi musu talla bai sani ba.

Gaskiyar ta isa. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, na likita yakan zo da miligram 50, na hannun 'yan talla kuwa har mai 225 ake gani, kuma ba mai tabbacin abin da ke ciki. Yana kawo fizga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, yana kuma rage numfashi. In an haɗa shi da giya ko diyazefam ko kodin, haɗarin ya ninka.

Abin da nake so kowane ɗalibi ya haddace kamar karatun allo shi ne: in abokinka ya yi barcin da ba ya tasuwa, yana minshari mai nauyi, numfashinsa yana ja baya, leɓensa ya sauya launi, kada ka ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. A kwantar da shi a kan gefensa. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Kada a tura masa cokali a baki. Ɗaya ya tsaya tare da shi, ɗaya ya kira babba, a buga 18, lambar 'yan kwana-kwana masu kai agajin gaggawa. A likita a faɗi abin da ya sha, in akwai fankon a tafi da shi.

Wasu abokan aikina sun ce koyar da wannan kamar ba yara lasisi ne. Ina girmama su, amma ni na riƙe kan yaron nan a cinyata, na ga idonsa ya kafe. Mai rai ake yi wa nasiha. Masu sayarwa kuwa aikin OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ne da kotu, ba na tausaya musu ko kaɗan.

Roƙona ga daraktoci da kwamitocin iyaye ɗaya ne: a tsaya gaban tutar nan a faɗa da babbar murya cewa ɗalibin da ya kira taimako don ceton abokinsa ba za a kore shi ba, ba za a bayyana sunansa ba. Na riga na nemi a sa maganar a taronmu na gaba, kuma mahaifin yaron ya ce zai zo ya zauna kusa da ni.