Ba tsadar haraji ce ta tayar da Amurkawa ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa nauyin haraji ne ya sa mazauna Amurka suka yi wa Ingila, wadda ke mulkinsu a lokacin, tawaye. Ba haka abin yake ba. Harajin da suke biya bai ko kama ƙafar wanda mutanen Ingila ke biya a gida ba.

Da yaƙin shekara bakwai da Faransa ya ƙare a 1763, bashi ya yi wa Ingila katutu. Sai majalisar Landan ta kafa dokar hatimi a 1765: jarida, takardar kotu, har karta, sai an biya kuɗin tambari. Abin da ya ƙona wa Amurkawa rai shi ne ba su da wakili ko ɗaya a wannan majalisa, alhali suna da majalisunsu na gida da suka saba yanka musu haraji. An soke dokar a 1766, amma a ranar majalisar ta ayyana cewa tana da ikon yi musu doka a kan kome.

Batun shayi ma ya fi fito da gaskiyar, a ganina. Dokar shayi ta 1773 sauƙaƙa farashinsa ta yi, don ta ba kamfanin East India na Ingila damar kawo shi kai tsaye. Sai dai da ɗan haraji a liƙe, duk wanda ya saya kuwa ya amince da ikon Landan ke nan. Daren 16 ga Disamba wasu mutane suka yi shigar Mohawk, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, suka hau jirage uku a tashar Boston, suka farfasa akwatunan shayi 342, suka zubar a teku. Ingila ta rufe tashar a 1774, a Afrilun 1775 kuma bindiga ta tashi a garin Lexington da ke kusa da Boston.